Darasi: Mene Ne Yake Nan Har Kullum? Tushen Samuwa a Tunanin Mabiya Hindu

Duk wanda ya tashi a Katsina ya san wannan hoton, ko da ƙafarsa ba ta taɓa taka ƙasar Indiya ba. Mace ce tsaye gaban wani mutum-mutumi mai hannuwa huɗu. Tana riƙe da faranti, 'yar fitila na ci a kansa, ga furanni, ga hayaƙin turare na tashi. Tana kewaya farantin tana hawaye, ana kaɗa ƙararrawa. Iyayenmu sun gan shi a silima, mu mun gan shi a kaset, 'ya'yanmu na ganinsa a waya da fassarar Hausa. In ana kallo a majalisa a nan Ƙofar Sauri aka kawo wannan wuri, ba a rasa mai cewa, "Kai, wuce da shi, gunkinsu suke roƙo." Sai a wuce.

Darasin yau tsayawa ne a daidai inda aka saba wucewa. Ba don mu yarda da abin da matar nan ta yi imani da shi ba. Dalilin shi ne, ƙidayar Indiya ta 2011 ta nuna mabiya Hindu sun kai miliyan 966, kusan kashi 80 cikin 100 na mutanen ƙasar, suna zaune tare da Musulmi miliyan 172. Marasa lafiyarmu can suke zuwa neman magani, yaranmu can suke zuwa karatu, Keke Napep ɗin da ya kawo wasunku ajin nan ƙirar can ne. Mutanen da ka yi wannan irin cuɗanya da su, bai kamata iyakar saninka game da zuciyarsu ya tsaya a kalma ɗaya ba.

Akun da ya zo daga nesa

Tunanin Indiya ya riga silima shigowa garin nan. Tattaki kaɗan daga Ƙofar Sauri akwai tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922. Abubakar Imam ya yi karatu a cikinta daga 1927 zuwa 1932, kafin ya rubuta Magana Jari Ce, wanda ya fito a 1937. Kowa ya san akun nan da yake ta jan ɗan sarki Musa da labari don kada ya fita daga gida. To, akun yana da kaka a Indiya. Akwai tsohon littafi cikin harshen Sansikirit mai suna Shukasaptati, wato labarai saba'in na aku, inda aku yake tsare matar wani falke da hira kowane dare don kada ta fita alhali mijinta yana fatauci. Imam ya ɗauki ƙashin ginin, ya sa masa rawani da babbar riga, har ya zama ɗan gida. Haka Kalila wa Dimna da malamanmu na zaure suka sani: asalinsa littafin Indiya ne, ya bi ta Farisanci, sannan Ibnul Muƙaffa ya mayar da shi Larabci a ƙarni na 8.

Amma wanda nake so mu yi koyi da shi a darasin nan shi ne Abu Raihan Albiruni. Malami ne Musulmi, an haife shi a 973 a yankin Khwarizm, cikin ƙasar Uzbekistan ta yau. A zamanin Sarki Mahmudu na Gazna ya samu hanyar shiga arewa maso yammacin Indiya. Maimakon ya tsaya daga nesa yana la'anta, sai ya zauna ya koyi Sansikirit, ya karanta littattafansu, ya yi ta tambayar malamansu. Wajen shekarar 1030 ya kammala littafinsa da ake kira Kitabul Hind a taƙaice. Tun daga farko ya bayyana cewa nufinsa ya kawo maganarsu kamar yadda suke faɗinta, ba ya yi jayayya ba. Bai bar addininsa ba, bai kuma yi musu ƙage ba. Wannan shi ne ladabin ilimi, kuma a ganina shekara dubu bayan haka har yanzu ba mu kai shi ba.

Gurgu da makaho

Tambayar da malaman Hindu suka fi daɗewa suna juyawa ita ce: a cikin duk abin da muke gani, mene ne tabbatacce, mene ne mai wucewa? Suna da kalma, tatwa, wadda ke nufin tushen abu ko haƙiƙaninsa. In ka warware tufa za ka tarar da zare, in ka warware zare za ka tarar da auduga. To, in ka warware duniya dukanta, da mutum da tunaninsa, me zai rage a hannunka? Abin da ya rage shi ne tatwa.

Mazhabar Sankiya, ɗaya daga cikin manyan mazhabobi shida na falsafarsu, ta ce tushen nan 25 ne. Sunan mazhabar kansa yana da dangantaka da ƙidaya. Babban littafinta da ya rage shi ne na Ishwarakirishna, wanda aka rubuta wajen ƙarni na 4 ko na 5, kuma Albiruni ya jero waɗannan tushe 25 a nasa littafin.

Biyu ne iyaye. Na farko purusha, wato sani tsantsa, mai kallo wanda ba ya aikata kome. Na biyu parakiriti, wato asalin kayan halitta, mai motsi da canzawa amma ba shi da sani. Suna ba da misali da gurgu da makaho da suka haɗu a daji. Gurgu yana gani, ba ya tafiya. Makaho yana tafiya, ba ya gani. Sai makaho ya goya gurgu, tafiya ta yiwu. Wanda ya hango su daga nesa zai ɗauka mutum ɗaya ne mai ido da ƙafa. A wurin Sankiya, haka ɗan Adam yake: haɗuwar mai gani da mai motsi, kuma duk wahalarsa ta samo asali ne daga mantuwar da mai ganin ya yi cewa shi ba jikin da yake haye a kai ba ne.

Sauran 23 duk daga parakiriti suka ɓullo, ɗaya bayan ɗaya, daga mai laushi zuwa mai kauri. Da farko hankali mai yanke hukunci, sai jin kai da ke cewa "ni ne, nawa ne", sai zuciya mai saƙe-saƙe. Daga nan ƙofofin sani biyar: kunne, fata, ido, harshe, hanci. Sai gaɓoɓin aiki biyar: na magana, hannu, ƙafa, na fitar da ƙazanta, na haihuwa. Sai abubuwa biyar masu laushi da ƙofofin ke kamawa: sauti, taɓi, siffa, ɗanɗano, ƙamshi. A ƙarshe manyan sinadarai biyar: sarari, iska, wuta, ruwa, ƙasa. Ku ƙirga da yatsa, uku da ashirin da iyaye biyu, 25 cif.

Ku lura da abu ɗaya mai ban mamaki a jerin nan. Hankali da tunani ba a sa su a ɓangaren ruhi ba, an sa su a ɓangaren kaya, layi ɗaya da ƙasa da ruwa. Fushinka, da wayonka, da alfaharinka, duk na makahon ne. Mu mun saba cewa "ni" muna nufin tunaninmu. Su kuwa suka ce tunaninka ma abu ne da ake kallo, saboda haka akwai wani mai kallonsa a baya.

Sinadaran nan kuma ba baƙi ba ne a kunnenmu. Duk wanda ya zauna da malamin hisabi ya ji ana raba haruffa da ɗabi'u gida huɗu: na wuta, na iska, na ruwa, na turɓaya. Wannan rabo ya zo mana ta littattafan Larabawa daga hikimar Yunanawa. Mutanen Indiya sun ƙara na biyar, sarari, domin a ganinsu dole a sami wurin da sauran huɗun za su zauna, wanda kuma sauti zai bi.

Saura magana ɗaya kan Sankiya. Sun ce parakiriti igiya ce mai tufka uku, suna kiran kowane sili guna. Satwa shi ne haske da natsuwa, rajas shi ne zafin nama da kai-komo, tamas shi ne nauyi da duhu da kasala. Kowane abu yana da ukun, sai dai wani ya rinjayi wani. Wannan ra'ayi ya fita daga littafi ya shiga madafa. In ka yi baƙo ɗan Hindu mai riƙo ya ƙi nama, wani lokaci har da albasa da tafarnuwa, ba raina girkin uwargida ya yi ba. A lissafinsa waɗannan abinci ne masu tayar da rajas da tamas.

Ba kowa ya tsaya a 25 ba. Masu bautar Shiba (ɗaya daga cikin ababen bautarsu) na Kashmir, waɗanda babban malaminsu Abinabagupta ya rayu a zamani ɗaya da Albiruni, sun kai lissafin 36, suka ɗora wasu matakai 11 a sama don su kai ga Shiba kansa, domin Sankiya ta asali ba ta kafa bayaninta a kan wani mahalicci ba.

Gishiri a cikin ruwa

Mazhabar da ta fi tasiri a yau ita ce Bedanta. Tushenta littattafan Upanishad ne, waɗanda ke ƙarshen Beda, nassosinsu mafi tsufa. Rig Beda, mai waƙoƙi 1,028, an tsara shi fiye da shekara 3,000 da suka wuce, tsofaffin Upanishad kuwa ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

A ɗaya daga cikinsu akwai labarin wani uba, Uddalaka, da ɗansa Shwetaketu, wanda ya dawo daga karatun shekara 12 yana ji da kansa. Uban ya sa shi ya zuba gishiri a ruwa ya bar shi ya kwana. Da gari ya waye aka nemi gishiri aka rasa. Amma da yaron ya kurɓa daga sama, ya kurɓa daga tsakiya, ya kurɓa daga ƙasa, ko'ina ɗanɗanon yana nan. Abin da uban ke son koya masa shi ne akwai wata samuwa guda da ido ba ya kamawa, amma babu inda ba ta game ba. Sunanta Birahman. Ba namiji ba ce, ba mace ba, ba ta da siffa, ba ta da farko ko ƙarshe. Ruhin da ke cikin mutum kuma suna kiransa atman.

Yaya atman yake da Birahman? A nan malamansu suka rabu, rabuwa mai zafi, kuma wanda ya ce duk 'yan Hindu abu ɗaya suka yarda da shi bai san su ba. Shankara, wanda ya rayu wajen ƙarni na 8, ya ce ɗaya ne tak. Tulu da randa da kasko sunaye ne kawai, duk yumɓu ne. Bambancin da muke gani maya ne, wato ruɗin gani, kamar mai tafiya da magariba da ya ga igiya ya zabura yana zaton maciji. Tsoronsa na gaske ne, gumin da ya karyo masa na gaske ne, amma macijin babu shi, kuma fitila kaɗai za ta raba shi da tsoron. Ramanuja, daga kudancin Indiya a ƙarni na 11 zuwa na 12, ya ƙi wannan. Ya ce tushe uku ne kuma duk na gaske: Ubangiji, rayuka masu sani, da kaya marasa sani, sai dai biyun suna rataye da na farkon kamar yadda jiki ke rataye da rai. Madwa, a ƙarni na 13, ya ƙara nisa: bawa daban, Ubangiji daban, har abada ba sa zama ɗaya.

Wanda ya yi karatun tauhidi da tasawwufi zai ji kamar ya taɓa jin irin wannan muhawara, a kan wahdatul wujudi, wato kaɗaitar samuwa. Ba shi ne farkon ji ba. Yarima Dara Shiko, ɗan Sarki Shah Jahan mai ginin Taj Mahal, ya sa an fassara Upanishad kimanin 50 zuwa Farisanci a 1657 saboda kamannin da ya hango. Amma kama da wane ba ta wane, kuma za mu zo ga inda hanya ta rabu.

Mu koma ga farantin

Yanzu ku dawo da matar nan ta cikin fim a zuciyarku. Abin da take yi sunansa puja. A wata sananniyar hanya ta yin sa ana miƙa abu biyar, kuma malamansu suna haɗa kowanne da sinadari ɗaya: kwaɓin sandal mai ƙamshi na ƙasa ne, fure na sarari, turaren wuta na iska, fitila ta wuta, abinci na ruwa. Wato mai ibadar yana tattaro duniya dukanta a faranti guda yana mayar da ita ga wanda ya yarda daga gare shi ta fito. Lissafin da muka yi da yatsa ɗazu shi ne a hannunta, ko da ita ba ta taɓa karanta shi ba.

Siffar da ke gabanta kuwa suna kiranta murti. Masu ilimi a cikinsu za su ce maka Bishnu da Shiba da Durga da Ganesha fuskoki ne na samuwa ɗaya, kuma an yi siffar ne don zuciyar da ba za ta iya riƙe marar siffa ba. Albiruni ma ya lura da wannan tazara tsakanin zancen malamansu da al'adar gama-gari. Ba a fara bauta a gaban murti sai an yi wani biki na gayyato abin bautar cikinsa. A birnin Mumbai, lokacin bikin Ganesha, ana ƙera siffarsa, a yi kwanaki har goma ana hidima, sannan a ɗauke ta da kiɗa a nutsar a teku. Akwai ma 'yan Hindu da suka ƙi murti ɗungurungum: ƙungiyar Arya Samaj, wadda Dayananda Saraswati ya kafa a 1875, ta ce Beda bai zo da shi ba.

Ƙona gawa da suke yi, wanda ya fi kome ɗaga mana hankali, daga lissafin nan ya fito. A wurinsu jiki aro ne daga sinadarai biyar, wuta ce ke saurin mayar da kowanne gidansu, a zuba tokar a kogi, musamman Ganga a birnin Baranasi. Ba wulaƙanci suke nufi da mamacinsu ba, kamar yadda mu ba wulaƙanci muke nufi da turbuɗe namu a ƙasa ba.

Ina ran ya tafi? Ku tuna fim ɗin Karan Arjun na 1995. An kashe 'yan'uwa biyu, uwarsu ta je gaban Kali, abar bautarta, ta yi kuka, aka sake haihuwarsu a wasu gidaje, suka girma suka dawo ɗaukar fansa. Yawancinmu mun ɗauke shi ƙirƙirar marubuci. Ga ɗan Hindu kuwa, sake haihuwa ginshiƙin aƙida ne. Sunansa samsara, kewayen mutuwa da haihuwa. Abin da ke juya shi karma ne, wato aiki da sakamakonsa: abin da ka shuka a wannan rayuwa shi ne zai zaɓa maka jikin da za ka shiga a ta gaba. Fim yana nuna dawowar kamar abin murna, amma a littattafansu ɗaure ce. Babban buri shi ne moksha, kuɓuta daga kewayen baki ɗaya. Bagawad Gita, littafi mai baiti 700 da ke cikin babban littafinsu Mahabarata, ya nuna hanyoyin kuɓutar: ta ilimi, ta yin aikin da ya hau kanka ba da kwaɗayin lada ba, da ta ƙauna da miƙa wuya, wadda suke kira bakti. Matar mai faranti tana kan ta ukun. Sunayen Karan da Arjun ma daga Mahabarata aka aro su, inda suke 'ya'yan uwa ɗaya.

A nan dole in faɗi abin da ke ci mini rai. Aƙidar karma ta zama sanda a hannun masu ƙarfi. An raba jama'a aji huɗu tun daga haihuwa, malaman Birahmin a sama, mayaƙa, 'yan kasuwa, sai masu hidima, a ƙarƙashinsu kuma ga waɗanda aka ce ko taɓa su ƙazanta ne. In talaka ya yi kuka, sai a ce hakkin rayuwarsa ta baya ne yake biya. Mutum ya sha wuya, sannan a ɗora masa laifin wuyar: wannan zalunci ne ninki biyu. 'Yan Indiya da kansu sun yaƙe shi. Dakta Ambedkar, wanda ya fito daga cikin waɗanda ake ƙyamar, shi ya jagoranci rubuta tsarin mulkin da ya fara aiki a 1950, wanda sashensa na 17 ya haramta wannan ƙyama. A 1956 ya bar Hindu ya koma addinin Budda tare da dubban ɗaruruwan mabiyansa. Kafin mu nuna su da yatsa, mu tuna yadda har gobe ake fasa aure a garuruwanmu don an ce kakan yaro mahauci ne ko wanzami ko bawa.

Inda hanya ta rabu

Musulmi ya yi imani Allah Shi ne Mahalicci, duk wani abu halittarSa ne, babu cakuɗa tsakaninsu, ba a kuma siffanta Shi da wani abin da hannu ya sassaƙa ko da niyyar kusanci ce. Wannan ya saɓa da Shankara kai tsaye, ya kuma saɓa da murti ko da wane bayani aka yi masa. Musulmi da Kirista duka sun yarda rayuwar duniya sau ɗaya ce, sai mutuwa, sai tashi, sai hisabi. Babu komowa a wani jiki, kuma jariri ba ya zuwa da bashin wata rayuwa da ya taɓa yi. Albiruni ya ɗauki sake haihuwa a matsayin babbar alamar da ake gane addinin Hindu da ita, kuma nan ne tazarar ta fi faɗi. In kun haɗu da ɗan Hindu a asibiti ko a kasuwa zance ya kawo nan, kuna iya faɗa masa wannan bambanci a fili, da ladabi, shi ma ya faɗi nasa.

Aikin aji

Ku kasu gida uku. Rukuni na farko su jero tushe 25 na Sankiya a kan allo ba tare da duba littafi ba, sannan su bayyana dalilin da ya sa aka sa hankali a ɓangaren makaho, ba na gurgu ba. Rukuni na biyu su ɗauki misalin igiya da maciji, su faɗi abin da Shankara yake nufi da shi, da irin amsar da suke ganin Ramanuja zai ba shi. Rukuni na uku su tattauna bambancin karma da ƙaddara kamar yadda malamanmu suka karantar da ita, domin mutane da yawa suna gwama su.

Aikin gida kuma: kowa ya nemi fim ɗin Indiya ɗaya da ke da wurin puja. Kada a wuce da shi. A rubuto cikin jimla biyar abubuwan da ke kan farantin, da sinadarin da kowanne yake wakilta, a kawo ranar darasi na gaba.